Faɗin Ƙofa

A bayan shagon Davou, can ƙasan Dilimi,
inda baƙin mai ya rina ƙasa ta koma kwalli,
babura biyu ke tsaye, 'yan kwatano,
sun sha gishirin teku, sun sha hanyar Ikko,
suna jiran mai rabo.

Na farkon baƙi ne wuluk, ba ado ko na kwabo.
Sirdi ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar kujerar tsakar gida,
ƙaho can sama, sai ka ɗaga hannu biyu
kamar wanda aka tare a shingen dare.
Davou ya murɗa shi sau ɗaya tak,
kwanon rufi ya amsa, kajin maƙwabta suka watse,
ni kuwa na ji shekara talatin
ta zame daga kafaɗata ta faɗi cikin man.

Na biyun ja ne mai duhu, zoɓon da ya kwana,
ƙato, mai faɗin ƙugu, akwati hagu da dama,
gilashi a goshi don iskar da ke gangarowa daga Shere,
ga kujerar baya har da majingini.
Shi ba ya ihu. Gurnani yake can ciki,
bijimin da ya ƙoshi da harawa.

Shekara talatin da biyar ina auna filayen mutane,
daga Rayfield har bayan Bukuru.
Na raba 'yan'uwa faɗa da igiyar awo,
amma wannan ban san ta inda ake kama shi ba.
Kuɗin sallama guda ne, kuma ba ya haihuwa.

Gwiwa ta ce ja.
Zuciya, wadda ba ta taɓa duba madubi ba, ta ce baƙi.
Davou ya goge hannu a wando, ya ce,
"Baba, ni ba ruwana,
amma Hawan Kibo ba ya tambayar shekarun mutum,
birki yake tambaya."

Da dare na kai maganar gaban Tasalla.
Tana fere dankali, ba ta ko ɗago ba.
"Tsofai-tsofai da kai? Sayi wanda ka ga dama.
Ni dai ko a mafarki ba za a gan ni a kai ba."
To, in ba mai hawa baya,
me zan yi da kujerar baya?
Na kwanta da baƙi a raina,
na farka asuba da ja a bakina.

Sai na ɗauko tsohuwar sana'a.
Na auna ƙugun jan, daga akwati zuwa akwati,
na hau Gangare, na durƙusa a ƙofar zaurenmu,
wadda mahaifina ya yanka daidai kekensa.
Na auna, na sake aunawa.
Yatsa huɗu suka hana.

Shi ke nan, ƙofa ta yanke hukunci.
Ya kamata in yi murna, ai baƙin nake so.
Amma na daɗe a durƙushe,
igiya a hannu, sanyin Jos na cin dugadugaina,
ina kallon yatsa huɗu kamar filin da aka ƙwace mini.

Ban ji takunta ba.
Inuwarta kawai na gani ta hau kan lambobin.
"Nawa ya rage?"
Na nuna mata.
Ta dubi bangon, ta dube ni, ta gyara ɗaurin zane.
"Ƙofa ai bulo ce. Aika a kira Ɗanliti magini.
Kuma ka tambayi yaron nan,
majinginin, yana da laushi?
Ba don ni ba.
Don buhun dankali nake tambaya."